Tsoro da Zubar da Jini a Ƙagaggun Labarai: Tarke da Shawara ga Manhajar Ɗaliban Hausa na Legas

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san harkar ɗab'i a Nijeriya ya san Ilupeju. A rukunin masana'antun wannan unguwa ta Legas ne kamfanoni irin su Macmillan da Academy Press suka kafu, kuma daga nan ne littattafan makaranta masu ɗimbin yawa suka fita zuwa ajujuwan ƙasar nan, bayan an tace su an kuma auna su da shekarun ɗalibai. Sai dai tafiya kaɗan daga Ilupeju, a Idi-Araba da Mile 12 da Zangon Agege, 'ya'yan Hausawa suna karanta wasu labarai da babu kwamitin da ya taɓa duba su. Da can a 'yan ƙananan littattafai suke zuwa daga Kano, yanzu kuwa ta wayar hannu suke isowa. Daga cikinsu akwai na soyayya, akwai na yaƙi, akwai kuma na matsafa da mayu da ƙungiyoyin asiri, inda ake siffanta yanka da azabtarwa filla-filla.

Wannan rukuni na ƙarshe shi ne abin da muka sa gaba a wannan nazari. Tambayar da muke son amsawa ita ce: da wane ma'auni malamin Hausa zai auna labarin da ke cike da tashin hankali, kafin ya shigo da shi aji ko ya hana shi? Matsayinmu shi ne yawan jinin da aka zubar a labari ma'auni ne mai rauni. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne inda marubuci ya tsayar da mai karatu: kusa da wanda ake cuta, ko bayan mai riƙe da wuƙa.

2.0 Matakan Tsoro a Adabi

Hausa tana da kalmomin da suka bambanta matakan tsoro, kuma da su za mu yi aiki. Akwai fargaba, wato zullumin abin da bai riga ya bayyana ba, kamar motsi a bayan ƙofa cikin dare. Akwai razana, wadda ke zuwa a lokacin da ido ya faɗa kan abin tsoron, hantar ciki ta kaɗa. Sannan akwai ƙyanƙyami, wato tashin zuciyar da ganin ruɓa ko kayan ciki ko yankakken nama ke jawowa. Marubucin Amurka Stephen King ya yi irin wannan rabo gida uku a littafinsa Danse Macabre na 1981, ya kuma ɗora fargaba a sama, ƙyanƙyami a ƙasa. Tun kafin shi, a wata maƙala da aka buga a 1826, marubuciyar Ingila Ann Radcliffe ta nuna cewa fargaba tana farkar da tunani, razana kuwa daskarar da shi take yi.

A shekarun 1980 wasu marubuta a Ingila da Amurka suka ɗauki matakin ƙyanƙyami suka mai da shi ginshiƙin rubutunsu, suka ƙi sakaya komai. Jerin littattafan Clive Barker mai suna Books of Blood, na 1984 zuwa 1985, yana cikin na farko-farko. Martanin jama'a bai zo iri ɗaya ba. Kamfanin Simon & Schuster ya fasa buga American Psycho na Bret Easton Ellis saboda munin abin da ke cikinsa, sai kamfanin Vintage ya fitar da shi a 1991, hukumomin Ostareliya kuma suka shar'anta a sayar da shi a rufe cikin leda ga wanda ya kai shekara 18 kawai. Shi kansa King ya nemi a daina buga littafinsa Rage a ƙarshen shekarun 1990, bayan an danganta shi da wasu harbe-harbe da ɗalibai suka yi a makarantu. Ke nan ko a ƙasashen da wannan nau'i ya samo asali, muhawara a kansa ba ta taɓa lafawa ba.

3.0 Tsoratarwa a Gadon Adabin Hausa

Kuskure ne a ɗauka cewa tsoro baƙo ne a adabinmu. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 cike suke da Dodo mai haɗiye mutane, da kishiya mai azabtar da marainiya, da mayya mai cin 'ya'yan maƙwabta. Amma tatsuniya tana da shinge. Da dare ake yin ta, a tsakar gida, a bakin kaka ko uwa wadda ke kallon fuskokin yara, tana rage zafi in ta ga ƙaramin cikinsu ya fara maƙalewa a jikinta. In an ƙare a ce ƙurunƙus, kowa ya san an fito daga duniyar ƙarya.

Rubutattun waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 su ma sun yi amfani da siffanta azaba ba tare da sassauci ba. Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ta jera sakamakon da ke jiran azzalumin mai mulki da mai cin dukiyar jama'a. Manazarta sun daɗe da sanya tsoratarwa cikin manyan jigogin irin waɗannan waƙoƙi. A nan kowace azaba tana rataye da laifin da ya jawo ta, manufa kuwa ita ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Haka abin yake a ƙagaggun labaran da gasar Hukumar Talifi ta 1933 ta haifar. A Ganɗoki na Bello Kagara ana kashe abokan gaba da yawa, amma kisan yana zuwa ne da salon kirarin mazaje, waɗanda ake kashewa ba su da fuska ko tarihi, don haka mai karatu yakan ji ƙaimi fiye da tsoro. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanya dabam. Jinin da ke cikinsa kaɗan ne, amma wahalar mahaifiyar Umar, wadda ta fita neman ɗanta ta faɗa hannun masu cinikin bayi har ta ƙetare Sahara, ta fi yankan mutum ɗari nauyi a zuciya, domin marubucin ya bari mun san ta kafin mu ga an wulaƙanta ta. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ramuwar gayyar Abubakar ta hanyar asiri ita ta lalata yaron da bai ji ba bai gani ba, har ya zama ɓarawo ya kashe mahaifinsa Malam Shaihu ba da saninsa ba. Abin razana a wurin shi ne gano wanda aka kashe, ba a kuma buƙaci dogon bayanin rauni ba.

4.0 Daga Ƙarshen Alewa Ƙasa Zuwa Wayar Hannu

Littafin da ya fara kawo tashin hankali tsirara cikin zuben Hausa shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin littattafan gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya da aka buga a 1982. Labarin ya ginu ne a kan abin da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bari a baya: makamai a hannun jama'a, da mazajen da suka saba da kisa aka kuma sallame su ba sana'a. Tauraronsa Mailoma, ɗan Maguzawan Tsaunin Gwano, ya tara 'yan ta'adda yana kisa ba tausayi. A ganinmu ƙarfin littafin yana cikin yadda ya danganta ta'asar da tushenta a tarihin ƙasa, da yadda ya cika alƙawarin da sunansa ya ɗauka. Rauninsa kuwa shi ne a wurare da dama gwanintar Mailoma tana burge mai karatu har ya manta da waɗanda ke faɗuwa. Saboda haka littafi ne da ya dace da ɗalibin da ya iya tambayar kansa dalilin da ya sa mugu ke burge shi.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga zamanin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, wanda shi da Abdalla Uba Adamu da wasu suka yi doguwar muhawara a kansa a jaridar New Nigerian a ƙarshen shekarun 1990. Soyayya ce ta mamaye wannan muhawara, alhali a gefenta wasu rassa suna girma. Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali, da Maje El-Hajeej Hotoro, mai Sirrinsu, sun yi suna a labaran ban tsoro da al'ajabi, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma a labaran yaƙi da jarumtaka. Waɗannan marubuta sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar fargaba mai tsawon shafuka, sun kuma jawo samari da yawa zuwa ga karatu. Amma a hannun masu kwaikwayo marasa ƙwarewa, musamman tun da rubutu ya koma zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad da tashoshin YouTube masu karanta littafi a ji, sai fitowar matsafa ta zama abin maimaitawa: attajiri ya shiga ƙungiyar asiri, a buƙaci jini, a kawo yarinya ko almajiri wanda ko suna ba a ba shi ba, a yi shafi biyu ana bayanin yadda aka yi da jikinsa, a wuce. Da yake kashi-kashi ake sakin labarin, kowane kashi yana neman ya fi na jiya muni don kada masu bibiya su watse.

Hukuma ta gwada hani. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, a 2007 kuma Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wannan bai hana rubutu ko karatu ba, kuma ikon hukumar Kano bai kai Agege ba, balle ya shiga wayar da ke aljihun yaro.

5.0 Mai Karatu a Legas

Hausawa sun daɗe a Legas. Cinikin goro da na dabbobi da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a farkon shekarun 1910 su suka raya Zangon Agege, har aka sami zuriyar da a nan aka haife ta, a nan ta girma. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyar da Hausa da Yarbanci da Ibo a makarantu, amma a Jihar Legas Yarbanci ne ke kan gaba, musamman bayan dokar 2018 da ta wajabta koyar da shi. Saboda haka yara da yawa a waɗannan unguwanni sun fi haɗuwa da rubutacciyar Hausa a littafin hikaya fiye da littafin aji. Wannan kaɗai ya isa ya sa masu tsara manhaja su damu da abin da ke cikin hikayar.

Bugu da ƙari, yaron Legas yana zaune ne a tsakiyar wasu al'adun tsoro. Maƙwabtansa Yarbawa suna da gadon D. O. Fagunwa, wanda littafinsa na farko na 1938 ya cika daji da dodanni da aljanu. Finafinan kudu, tun daga Living in Bondage na 1992, sun mai da tsafin neman kuɗi babban jigo. A 1999 an kama Clifford Orji a ƙarƙashin wata gada a yankin Oshodi, daura da Ilupeju, bisa zargin cin naman mutane, jaridu suka yi ta yayata labarin, ya kuma mutu a kurkukun Kirikiri a 2012 ba tare da an kammala shari'arsa ba. Sannan akwai abin da iyayen waɗannan yara suka gani da idonsu: rikicin kasuwar Mile 12 a Nuwamban 1999, fashewar rumbun makaman barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002 wadda ta ci rayuka sama da 1,000, da rikicin Idi-Araba kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Fabrairu.

Idan muka dubi yadda masu karatu ke karɓar irin waɗannan labarai, za mu iya kasa su gida uku. Na farko su ne masu neman tashin tsigar jiki don nishaɗi, waɗanda suka san ƙage ne, suke jin daɗin tsorata alhali suna kwance a ɗakinsu lafiya, wani lokaci ma har da gasar wa ya fi taurin zuciya tsakanin abokai. Na biyu su ne waɗanda labarin ke fama musu tsohon miki. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma a aji guda a Mushin ko Agege ana iya samun yaron da gidansu ya taɓa ƙonewa a rikici, ko wanda iyayensa suka baro Borno ko Zamfara saboda tashin hankali. Na uku, waɗanda suka fi damun mu, su ne masu karanta labarin matsafa a matsayin rahoton gaskiya, su tashi da yaƙinin cewa duk mai arzikin da ba su san tushensa ba matsafi ne, duk tsohuwar da ke zaune ita kaɗai mayya ce, duk baƙo mai satar mutane ne.

Iyaye sun fi jin tsoron kada yaro ya kwaikwayi kisan da ya karanta. A ganinmu haɗarin da ya fi kusa shi ne dushewar tausayi da saurin zargi. A lokacin ta'asar ƙungiyar Badoo a Ikorodu a 2017, jama'a sun kashe mutanen da zargi kawai ake yi musu. A Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zaton masu garkuwa da mutane ne. Ba mu ɗora alhakin waɗannan a kan wani littafi ba. Abin da muke cewa shi ne a kudancin ƙasar nan Bahaushe shi ne baƙon da zargi ke iya faɗa wa, don haka ɗansa ya fi kowa buƙatar adabin da zai koya masa tsayawa ya yi tambaya kafin ya yanke wa wani hukunci.

6.0 Ma'aunin da Muke Gabatarwa

Daga abin da ya gabata, muna ganin malami zai iya auna kowane labari da tambayoyi huɗu. Ta farko: wanda aka cuta mutum ne mai suna da dangi da buri, ko nama ne kawai aka kawo don a yanka? Ta biyu: ta'asar tana da dalili a cikin labarin, tana kuma da sakamako, ko za a iya cire ta labarin ya tafi daidai? Ta uku: a wane mataki marubucin ya fi daɗewa, fargaba ko ƙyanƙyami? Ta huɗu: wa aka ɗora wa mugunta? In kullum wata ƙabila ce ko wani addini ko tsofaffin mata ko masu taɓin hankali, to labarin yana shuka abin da aji ba zai so ya girba ba.

Wannan ma'auni bai haramta zafi ba. Alal misali, The Girl Next Door na Jack Ketchum, wanda ya fito a 1989, an gina shi ne kan kisan gillar da aka yi wa wata yarinya a Amurka a 1965, kuma yana cikin littattafai mafiya tsanani a wannan fanni. Duk da haka mai ba da labarin yaron maƙwabta ne da ya gani ya yi shiru, nauyin shirun nan kuma shi ne jigon littafin, har a wuri mafi muni ya ƙi faɗar abin da ya gani. Ba muna ba da shawarar a kai shi aji ba ne. Mun kawo shi don ya nuna cewa ko a can, ƙwararren marubuci ya san inda sakayawa ta fi bayyanawa ƙarfi. Hausa kuwa gwana ce a sakaya zance: rai ya yi halinsa, an aika shi barzahu, abin ba kyan gani, sai dai a rufe da zane.

7.0 Shawarwari

i. A ƙaramar sakandare a tsaya a kan tatsuniya da labaran fargaba marasa bayanin rauni, irin waɗanda ke cikin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, a kuma riƙa karanta su tare a aji domin a maido da shingen da tsakar gida ke bayarwa.

ii. A babbar sakandare a koyar da Shaihu Umar da Jiki Magayi tare da tambayoyi huɗun nan, sannan a ƙyale ɗalibai su kawo misalan abin da suke karantawa a waje su auna da kansu, bayan malami ya fara dubawa.

iii. A bar Ƙarshen Alewa Ƙasa da makamantansa ga kwalejojin ilimi da jami'o'i, a haɗa nazarinsa da tarihin yaƙin basasa.

iv. A darasin insha'i a ba ɗalibai aikin rubuta fitowa mai ban tsoro ba tare da ambaton jini ba, domin su ƙware a sakaya zance da gina fargaba.

v. Malami ya sanar da aji kafin a shiga wuri mai zafi, ya kuma ba duk ɗalibin da ya nemi uzuri wani aikin, ba tare da tambayar dalili a gaban 'yan'uwansa ba.

vi. Hukumar NERDC da Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Aba su haɗa kai da ƙungiyoyin marubuta da shugabannin Hausawan Legas wajen samar da gajerun labarai masu jan hankali waɗanda aka gina a kan rayuwar Agege da Idi-Araba da Mile 12.

8.0 Kammalawa

A wannan nazari mun nuna cewa tsoratarwa tsohon jigo ne a adabin Hausa, tun daga tatsuniya da waƙoƙin wa'azi har zuwa ƙagaggun labaran 1934 da na 1982, kuma abin da ya sauya a yau shi ne shingen da ke kewaye da ita ya faɗi, mai karatu ya koma shi kaɗai da wayarsa. Mun kuma nuna cewa ɗalibin Hausa na Legas yana da yanayi na musamman, domin hikaya ce babbar hanyarsa ta karatun Hausa, kuma tashin hankali ba labarin nesa ba ne a unguwarsa. Hani da ƙonawa an gwada su a Kano ba su biya buƙata ba. Abin da ya rage a hannun manhaja shi ne ta koya wa ɗalibi ya riƙa tambaya, duk lokacin da labari ya kai shi gaban gawa, ko wace ce wannan, kuma me ya sa marubuci yake son ya kalle ta.